Manet Mai Silifa

Yatsu takwas gare shi, kuma da takwas ɗin nan Fofo Dansou ya shekara ashirin da biyar yana cin masu goma a gidan gem, wato gidan wasan ƙwallon bidiyo, na Tanti Ablawa da ke unguwar Akpakpa. Shagon askina bango ɗaya ne da gidan, don haka ba labari aka ba ni ba. Ina cikin waɗanda ya ci, kuma ba zan faɗi sau nawa ba.

Yatsun biyu tun yana saurayi ya rasa su. Gyaran injin jiragen masunta yake yi a bakin ruwa, wata rana inji ya tashi hannunsa na ciki, ya tafi da manuniya da ta tsakiya na hannun dama. Duk wanda ya taɓa riƙe manet, hannun nan da ake dannawa a yi wasa, ya san maɓallin gudu yana can baya ta dama, daidai inda manuniya take kwanciya. Wanda ba shi da ita, 'yan wasansa sai dai su yi ta tafiyar amarya a fili. Fofo bai yarda ba. Ya sayi manet nasa na gwanjo, ya yanko wani ɗan harshe daga tsohuwar silifa, ya manna shi da gam a kan maɓallin, ya ɗaure da siririyar waya, har ya sauko inda yatsan da ke bin ƙarami zai kai. Da na'urar wasan samfuri ta Biyu ta wuce aka shiga ta Uku, ya yanka sabo. Da aka shiga ta Huɗu ya sake yankawa. A cikin safa yake yawo da shi, kuma duk unguwa Silifa muke ce wa manet ɗin.

Dokar gidan Tanti biyu ce. Wanda aka ci ya tashi, wanda ya ci ya zauna. Sannan wanda ba ya riƙe manet ba shi da baki a hirar benci. In yana son magana ya je bakin ƙofa ya yi da masu zem, wato 'yan acaɓa. Ranar Asabar da rana ta manya ce, daga an ci atasi, wato shinkafa da wake, da soyayyen kifi a gaban gidan har la'asar sakaliya. Matar Fofo ta rasu shekara shida da suka wuce, 'ya'yansa biyu ɗaya tana Parakou ɗaya yana Libreville. Ranar da aka binne matar, sati bai zagayo ba muka gan shi da safarsa a bakin ƙofa, aka matsa masa a benci. Ni dai na san mutumin nan kwana shida yake yi yana jiran Asabar.

Sai aka fara maganar ta Biyar. Shekara guda cur muna kallon hotunanta a waya muna haɗiyar yawu. Aka ce za ka ga gumi a goshin ɗan wasa, aka ce ciyawa za ta riƙa kwanciya in an taka ta, aka ce manet ɗin ma yana da wani ɗan inji a ciki, in ɗan wasanka ya gaji sai maɓallin gudu ya yi tauri. Muka dami Tanti har ta gaji ta saya. Ranar da aka kawo ta, fara fat, da manet biyu farare, Tanti ta tsaya a kanta kamar kaza a kan ƙwai.

“Ku ji ni da kyau,” ta ce. “Duk wanda ya kusanto fararen nan da gam, ko wuƙa, ko hannun mai, ni da shi ne. Fofo, da kai nake, kada ka yi kamar ba ka ji ba.”

Muka yi dariya, shi ma ya yi. Tanti ba ta wasa da irin wannan. Akwai wani direba da ya taɓa jifa da manet don an ci shi, yau shekara tara ko inuwar gidan ba ya tsayawa.

Fofo ne mai haɗa kowace sabuwar na'ura a gidan, don duk abin da ke da waya a jiki yana jin maganarsa. Washegari da safe, ba kowa, ya zo ya haɗa. Abin da ya faru a safiyar nan sai bayan wata takwas muka sani, amma gara in faɗa muku tun yanzu. Ya ɗauki farin manet, ya miƙa yatsa, bai kai ba. Ya juya hannu ta nan, ya juya ta can, bai kai ba. Ya jona Silifa, sabon wasan ya ƙi karɓarta, don wasan ta Biyar ba ya jin tsohon manet. A lokacin kuwa farin manet bai fara zuwa gwanjo ba balle ya sayi nasa ya yanka. Sai ya lura da abu guda: wasan ƙwallon shekarar tagwaye ya fito, ɗaya na Huɗu, ɗaya na Biyar, suna ɗaya, hoton gaba ɗaya, bambancin wata 'yar lamba ce ƙarama a gefen suna. Kuma sabuwar na'ura tana cin tsohon wasa, tsohon wasa kuwa yana jin Silifa. Fofo ya zauna ya daɗe. Sannan ya goge na Biyar ya sauke na Huɗu.

Asabar ta zo, gidan ya cika har bakin titi. Aka kunna. Muka zuba ido muna neman gumi.

Ni na fara magana, don bakina ba ya riƙe ruwa. “To ina gumin? Ko 'yan wasan ba su fara gudu ba ne?”

“Bari su ɗan yi zafi,” wani ya ce.

Aka yi rabin lokaci, aka dawo, aka tashi. Goshi a bushe. Ciyawa a tsaye ƙyam kamar buroshin da nake kaɗe wuyan mutane da shi. Wani ya tambaya yaya aka yi Silifa take aiki a sabuwa, wani ya amsa masa cewa Fofo ne fa, mutumin da ke tayar da injin da ya kwana a ƙarƙashin ruwa. Maganar ta mutu a nan.

Daga ranar benci ya rabu biyu. Ni ne shugaban masu cewa an yi mana sakiyar da ba ruwa. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Shekara guda ana kirari, sai ga Huɗu ta sa farar riga ta dawo. Na yarda tana tashi da sauri, ba a jira kamar da, amma wa ya ce muna sauri? Lokacin jiran nan ai shi ne lokacin zagin juna. Mafi yawan mutane suna bayana. Har masu zem na bakin ƙofa, waɗanda ba su da baki, suka samu abin faɗa, in Tanti ta fito su ce, “Tanti, ina kwanan amarya mai furfura?”

Ɗaya ɓangaren kusan mutum ɗaya ne, Gildas, ma'aikacin tashar jiragen ruwa. Shi ne babban abokin hamayyar Fofo, shekara goma sha biyar suna cin juna, kuma shi kaɗai ke iya ce masa Takwas a gaban mutane ya kwana lafiya. Gildas ya rantse ta Biyar ta fi, nesa ba kusa ba.

“Wanzami, matsalarka ido,” yake ce mini. “Kullum kana kallon ƙeyar mutane, ina za ka ga abu mai kyau? Dubi inuwar mai tsaron gidan nan. Dubi yadda rigarsa take kaɗawa.”

“Haka take kaɗawa a Huɗu.”

“Ba haka take kaɗawa ba. A Huɗu kaɗawar tsumma take yi. Wannan kaɗawar yadi ce.”

“Gumin fa?”

“Yana nan. Talabijin ɗin Tanti ne ba ya iya nuna shi.”

Tanti ta jiyo daga wajen tukunya. “Ka bar talabijin ɗina ya sha iska, ɗan tasha.”

Haka muka yi wata takwas. Wani sati gardamar ta koma kan ko masu ƙera abin sun ƙare da dabara ne, wani sati kan ko mu ne muka tsufa, abin da ya burge mu muna da shekara ashirin ba zai sake burge mu ba. Wannan maganar ta biyu ta taɓa ni, ban dai nuna ba. Abin da ya ba ni haushi shi ne Fofo. Mutumin da ke da ra'ayi a kan komai, har yadda nake riƙe almakashi, a kan wannan ya yi gum. In na ce, “Fofo, kai ne babba, raba mana,” sai ya ce, “Ni wasa na zo yi,” ya sunkuyar da kai yana gyara wayar Silifa. Ya rage dariya. In ya ci ba ya tashi ya yi 'yar rawar nan tasa ta girgiza kafaɗa. Na ɗauka ciwo ne yake ɓoyewa, har na tambaye shi wata rana yana kan kujerata, ya ce lafiyarsa ƙalau, in kula da saje.

Rana dubu ta ɓarawo. Fifame, 'yar Tanti, ma'aikaciyar jinya ce a Dakar, ta zo hutu. A gidan gem ta girma, kuma can inda take aiki suna da ta Biyar a ɗakin hutunsu. Ranar Asabar ta shigo, ta gaida kowa, ta bi layi kamar kowa, ta karɓi farin manet. Ko minti biyu ba ta yi ba ta tsayar da wasan.

“Mama, me ya sa kuke buga na Huɗu a kan ta Biyar?”

“Ban gane ba.”

Ta fita zuwa shafin farko, ta matsa kusa da talabijin ta ɗora farce a kan 'yar lambar. “Ga shi. Tsohon ne. Sabon ma ba ya kan na'urar gaba ɗaya.” Sai idonta ya sauka a kan Silifa a hannun Fofo, na ga alamar ta so a ce ba ta yi magana ba.

Ba wanda ya dubi talabijin. Kowa Fofo yake duba. Da wani ne, da ya ce kuskure ne, tagwaye ne, kowa zai iya ruɗewa, kuma da mun yarda. Fofo ya ajiye Silifa a cinya.

“Ba kuskure ba ne, Tanti. Ni na goge shi. Yatsana bai kai ba.”

Tanti ta zo ta tsaya a gabansa da ludayi a hannu. Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

“Wata takwas, Dansou. Wata takwas masu zem suna yi mini waƙa. Wannan mai askin yana gaya wa duk wanda ya zauna a kujerarsa an damfare ni. Kana zaune kana ji.”

“Ina ji.”

“Ba ka da bakin da za ka ce mini, Tanti, ga halin da nake ciki?”

“Kin ce kada gam ya kusanci fararen.”

“Na ce. Shi ya sa ka mayar da ni abin dariya?”

Ta juya ta ce wa Fifame ta sauke na gaskiyar yanzu-yanzu. Fifame ta danna, wani siririn layi ya fito a talabijin, aka rubuta saura awa biyu da rabi. Fofo ya ɗauki Silifa ya fara tura ta cikin safa, a hankali, kamar mai naɗe tabarma bayan an watse. Ina kallon hannun nan, sai na ji duk surutun da na yi na wata takwas ya dawo ya zauna mini a ƙirji. Na ji kunya, na kuma ji tsoro, don na san in ya fita ƙofar nan ba zai iya dawowa ya tsaya da masu zem ba. Ba zai dawo ba kwata-kwata.

Ya miƙe. Gildas ya miƙa ƙafa ya tare hanya.

“Ina za ka, Takwas? Kai ka ci wasan ƙarshe. Wanda ya ci ba ya tashi.”

“Bar ni in wuce, Gildas.”

“Zauna tukuna in yi nawa ikirarin, tunda yau ta zama kamar ranar coci.” Ya dubi Tanti. “Tanti, in za ki kore shi ki haɗa da ni. Tun Asabar ta farko na sani.”

Na ce, “Ka san me?”

“Na san na Huɗu ne. Maigidana a tasha yana da ta Biyar a falonsa, na buga na gaskiyar tun kafin Tanti ta sayi tata. Ina zama na ji maɓallin gudu bai yi tauri ba, na ga Silifa tana aiki, na duba lambar. Lissafin ai ba wuya.”

“To kaɗawar yadin fa?” na ce. “Inuwar mai tsaron gida fa? Gumin da talabijin ba ya nunawa?”

“Ƙarya nake yi, wanzami. Babu ko ɗaya.” Ya ɗaga kafaɗa. “In kowa a bencin nan ya yarda babu bambanci, wani zai tashi ya je neman dalili. In kuwa akwai mai gardama, ku ba neman dalili za ku yi ba, neman kayar da ni za ku yi. Na san ku. Wata takwas ina yabon ciyawar da ba ta kwanciya, har na fara ganin tana kwanciya.”

Fofo yana tsaye da safa a hannu. Can ya ce, “Don me?”

“Don me? Shekara goma sha biyar ina binka, saura wasa bakwai in kamo ka. Ka tafi ka bar ni da wa? Da wannan?” Ya nuna ni da haɓa. “Wannan ko da ƙafa na riƙe manet zan ci shi.”

Wani ya fashe da dariya a baya, ya yi maza ya haɗiye, don Tanti ba ta yi ba. Ta dubi Gildas, ta dubi Fofo, ta koma wajen tukunyarta. Layin talabijin yana ta jan ciki. Ba wanda ya tafi. Fofo ya zauna a bakin benci, ba a wurinsa ba, can ƙarshe kusa da ƙofa. Na je shago na sallami mutum biyu da ke jirana na ce su dawo gobe, na dawo na zauna. Awa biyu da rabi ba ta taɓa yi mini tsawo haka ba.

Saura minti ashirin Tanti ta shigo. Ta ɗauki farin manet ɗaya, ta goge shi da bakin zane, ta ajiye a cinyar Fofo. Sannan ta dafa kafaɗar Fifame, ta ɗaga ƙafa, ta zare silifarta ta dama, shuɗiya, sabuwa, ta ɗora a kai.

“Yanka,” ta ce. “In ka ɓata mini shi, sauran takwas ɗin zan cire. Kuma daga yau in abu bai kai ba, ka buɗe baki ka ce bai kai ba. Ba yaro ba ne kai.”

Fofo ya riƙe silifar da hannu biyu, kansa a ƙasa. Na ga kafaɗarsa tana motsi, sai na ce bari in ɗauko reza a shago, na fita, na ɗan daɗe ina nemanta alhali tana kan tebur. Da na dawo ya share fuska, ya riga ya fara awo da farce. Gildas ya riƙe masa manet, Fifame ta haska masa da waya, ni na yanka inda ya nuna. Tanti tana tsaye da ƙafa ɗaya a ƙasa tana cewa a yi a hankali da farin. Harshen farko ya yi gajarta, na biyu ya zauna daram. Kafin gam ya bushe layin ya cika.

Aka kunna na Biyar na gaskiya. Gaskiya akwai gumi. Ciyawa ma tana kwanciya, in ka matsa kusa ka ƙura ido. 'Yan kallon da ke cikin filin sun fi kama da mutane. Muka yi ta nunawa da yatsa na kamar minti biyar. Daga nan aka buga ƙwallo, kowa ya koma kallon ƙwallo, ba wanda ya sake tuna goshin kowa.

Gildas ya ci shi biyu da ɗaya, don maɓallin ya yi wa Fofo tauri a ƙarshen wasa, bai saba ba. Gildas ya ce saura shida. Fofo ya tashi kamar yadda doka ta ce, ya koma wurinsa na tsakiyar benci, ya ajiye farin manet mai shuɗin harshe a cinya. Numfashin da ya sauke, ni da ke gefensa na ji shi har cikin haƙarƙarina.

Na ce, “To Fofo, wata takwas ina tambayarka. Yanzu ka gani da idonka, ka taɓa da hannunka. Ta Biyar ta cika alkawari ko ba ta cika ba?”

Ya juya manet ɗin, ya duba gaba, ya duba baya. Ya dubi talabijin ya ɗan karkata kai, irin yadda yake yi in masunci ya kawo masa inji yana yabo.

“Duk wannan tsoron da na ci,” ya ce, “ashe a kan gumi ne kawai? Wanzami, kana da gaskiya. Huɗu ce ta sa farar riga.”

“Ƙarya ne,” in ji Gildas daga kan kujera. “Dubi kaɗawar rigar nan.”

Gardama ta tashi sabuwa fil, kuma wannan karon muryar Fofo ta fi ta kowa. Har yau ba mu gama ta ba. Tanti kuwa ta ƙi sayen wata silifar sai da ta yi sati tana yawo da ƙafa ɗaya shuɗiya ɗaya baƙa, duk mai zem ɗin da ya tambaya sai ta ce ya shiga ciki ya ga inda ɗayar take aiki.